Macijin da ake cewa yana da kai biyu

Da zarar damina ta kankama a fadamun Argungu da Yauri, manoma kan tono wani ɗan siririn maciji mai sheƙi yayin huɗa, kuma an daɗe ana cewa kai biyu gare shi, yana sara ta kowane ɓangare. Wannan zance ba shi da tushe. Kansa ɗaya ne, sai dai wutsiyarsa gajera ce mai kauri daidai da kan, tana ƙarewa da ɗan tsini da yake dogarawa a ƙasa idan yana kutsawa cikin rami. Wanda ya ɗauke shi ya ji tsinin a tafin hannu yakan zaci sara ne, alhali ba shi da dafi, bakinsa kuma ya yi ƙanƙanta da ya kama fatar mutum.

Ba tana ba ce kuma, domin yana da ƙashin baya, da ɓawo a jiki, da harshe mai reshe biyu. Idanunsa ɗigo biyu ne a ƙarƙashin ɓawon kai, waɗanda ba su wuce bambance haske da duhu ba. Abincinsa ƙwai da 'ya'yan tururuwa da gara, shi ya sa ake yawan samunsa kusa da suri, ruwa kuma idan ya cika ramukansa sai ya fito sarari.

Duk da haka a yi hattara, saboda akwai wani baƙin maciji mai dafi da shi ma yake zama cikin ƙasa, wanda ke iya sukar yatsa ta gefen baki ko da an riƙe shi ta wuya.