Tsohuwar motar alfarma mai buɗaɗɗen rufi: matsalolinta da kuɗin riƙonta a Bauchi

Mota mai buɗaɗɗen rufi ita ce wadda ake naɗe samanta a sauke shi baya, a yi tafiya a sarari, in hadari ya taso ko ƙura ta yi yawa a mayar da shi. Iri biyu ce. Akwai mai rufin yadi mai kauri irin na tamfol, akwai kuma mai rufin ƙarfe da ke naɗewa gida biyu ko uku ya kwanta a cikin but. Kamfanin Peugeot ne ya fara sayar da mai rufin ƙarfe a tsakiyar shekarun 1930, amma ba ta bazu ba sai da Mercedes-Benz ya fito da SLK a 1996. Waɗanda ake gani jefi-jefi a Bauchi, a GRA da yamma ko cikin ayarin ɗaukar amarya, kusan duk 'yan Beljiyam ne da suka gama ƙuruciyarsu a Amurka ko Turai. Fitattun ƙirar wannan aji sun haɗa da Mercedes SL ta 2001 zuwa 2011, da SLK da CLK, da BMW E46 da E93, da Lexus SC430.

Abin da ke jan mai saye shi ne arha, domin farashin irin wannan mota yana faɗuwa warwas in ta tsufa. Kuɗin gyaranta kuwa ba ya faɗuwa tare da ita. Duk kayan da za a saka mata na babbar mota ne, kuma da dala ake sayo su.

Rufin

Nan ne ta bambanta da sauran motoci, nan ne kuma kuɗi suka fi zurarewa. A yawancin na Jamus, ƙarfin mai ne ke ɗaga rufin. Famfo yana cikin but, yana tura mai ta siraran bututu zuwa silindodin da ke ɗagawa da saukewa da kullewa. SL ta 2001 tana da silinda 11, tana kuma buɗe rufinta cikin daƙiƙa 16. Kowace silinda tana da zoben roba a ciki, kuma roba ba ta shiri da tsufa da zafi. In ta bushe sai mai ya fara tsiyaya. Alamar farko a SL sau da yawa ɗigon mai ne daga saman gilashin gaba, ya sauka kan kujera ko kan rigar direba, ko kuwa a ɗaga shimfiɗar but a tarar ta jiƙe da mai. In ɗaya ta fara, sauran suna tafe, tunda shekarunsu ɗaya.

Bayan mai akwai 'yan ƙananan maɓallai da ke gaya wa kwamfutar mota inda rufi ya kai. Ɗaya ya lalace, ko waya ta tsinke a inda take lanƙwasawa kullum, sai rufi ya tsaya a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba. A wasu ƙirar akwai hanyar rufe shi da hannu a littafin motar, kuma ya kamata mai irin wannan mota ya koye ta a gida tun kafin hadarin Agusta ya tarar da shi a hanyar Yankari.

Yanayin Bauchi yana ƙara wa abin nauyi. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓin rufi ta gauraya da giris ta riƙa cin ƙarfe. Ranar Maris da Afrilu, wadda kan kai maki 40, tana gasa robobin bakin rufi har su tsage, tana cinye zaren ɗinkin rufin yadi, tana busar da fatar kujeru. Sai damina ta zo ta tarar da 'yan magudanan ruwan da ke gefen rufi sun toshe da ƙasa da ganye. Ruwan da bai sami hanya ba sai ya gangara cikin but ko ƙarƙashin kafet, inda kamfanonin suka ɓoye na'urorin lantarki. A SL, famfon iska da ke kulle ƙofofi yana cikin but, kuma ya shahara da mutuwa ta wannan hanya. Maganin ba tsada gare shi ba: rumfa, da zura waya mai laushi a magudanai kafin ruwan farko, da shafa wa robobi man silikon. Abin takaici ne yadda mota mai daraja ke lalacewa saboda aikin rabin awa da ba a yi ba.

Lexus SC430, wadda aka yi daga 2001 zuwa 2010, da injinan lantarki take ɗaga rufinta, don haka ba ruwanta da tsiyayar mai.

Inji, birki da ƙafafu

Kowace ƙira da ciwon da aka san ta da shi. BMW tana fama da sanyaya inji: tankin ruwan E46 na roba ne, yana fashewa, famfon ruwan E93 kuma na lantarki ne, yana mutuwa ba sallama. Injin V6 na Mercedes mai lamba M272 da aka yi a shekarun farko, daga 2004, yana cinye haƙoran wani giya a cikinsa, gyaran kuma sai an sauke inji. SL tana da birki mai aiki da lantarki, SBC, wanda saboda shi kamfanin ya kira a dawo da motoci a gyara a 2004 da 2005, kuma famfonsa yana ƙirga yawan taka birki, in ya cika adadi sai ya nemi canji. Manyan SL ɗin kuma ba shokozoba irin ta kowa gare su ba. Tsarin ABC ne mai aiki da matsin mai, wanda in ya yi yoyo za a wayi gari mota ta durƙusa a gefe ɗaya. Mai da yake sha na musamman ne, CHF 11S. Duk bakaniken da ya ce man giya ma zai yi, a karɓi makulli a gode masa.

SC430 ce mafi sauƙin hali. Injinta V8 mai lita 4.3 ɗaya ne da na LS430, makanikai sun san shi, sai dai bel ɗin tayimin ɗinsa yana son canji a wajajen kilomita 145,000.

Wasu al'adun garejinmu da tsohuwar Corolla ke jurewa suna kashe waɗannan motoci: cire na'urar daidaita zafin inji, haɗa fanka kai tsaye, zuba ruwan rijiya a lagireto, da yanke waya a haɗa da wata don fitilar gargaɗi ta mutu. Motar kuma gajeriya ce, tudun rage gudu yana gogar cikinta, siraran tayoyinta ba sa yafe rami. E93 ba ta zuwa da safaya ma, tayoyinta irin masu tafiya ba iska ne na ɗan lokaci, kuma ba kowane mai faci ke da girmansu ba tsakanin Bauchi da Alkaleri.

Kuɗin riƙo

A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, don haka takardun kwastan su ne abin fara dubawa. Da yawa daga motocin Amurka daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta ci suke fitowa. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 tana ba da damar binciko tarihinta a intanet, kuma mai buɗaɗɗen rufi da ta taɓa shan ruwa ba abin saye ba ce ko da kyauta-kyauta.

Fetur ya zama babban kaso tun cire tallafi a 29 ga Mayu 2023, musamman ga mai V8 da ke yawo cikin gari da na'urar sanyi a kunne. Karyewar naira daga Yunin 2023 ta ninka farashin kayan gyara. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023, amma motar wani take biya, ba taka ba. SL tana da batir biyu, kuma motar da ake ajiyewa sai ranar biki takan shanye su tana tsaye.

Akwai kuma kuɗin nisa. Abin da babu a Bauchi sai an aika Jos, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Kayan rufi kuwa sau da yawa sai daga waje, mota ta yi makonni a rumfa tana jira. Shi ya sa ba ta zama motar gida tilo. Mai niyyar saye ya sa dillali ya buɗe rufi ya rufe sau uku a jere a gabansa, a kwarara mata ruwa da tiyo a duba but da ƙarƙashin kafet, a kuma jona kwamfutar da ke karanta irin wannan ƙira. Ranar sayarwa ma masu nema kaɗan ne a nan, mafi yawa sai an kai ta Abuja, kuma wadda rufinta ya daina motsi farashin kayan gyara ake yi mata.