Tsagewar Robar Jikin Babur

Tsagewar robar jikin babur ita ce darewar da ke bayyana a murfin gefe, ko madigadi, ko robar da ta kewaye fitila da tanki, alhali babur bai faɗi ba kuma ba abin da ya doke shi. Mai babur kan jingine shi lafiya ƙalau, wata safiya ya tarar da siririn layi ya taso daga ramin noti yana tafiya. Masana ilimin robobi sun nuna cewa irin wannan tsagewa tana da dalili kamar kowace, sai dai dalilin kan riga ta da makonni ko watanni, shi ya sa idan ta fito an riga an manta da abin da ya jawo ta.

Tarihin roba a jikin babur

Baburan farko ƙarfe ne tsurarsu. Rufe jikin babur ya samo asali ne daga tsere, inda aka gane cewa iska ce ke cin ƙarfin inji idan gudu ya yi yawa. A shekarun 1950 kamfanoni irin su NSU na Jamus da Moto Guzzi na Italiya suka riƙa lulluɓe baburansu na tsere da murfin alminiyam wanda ya haɗiye har tayar gaba. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta hana irin wannan murfi daga shekarar 1958, musamman saboda yadda iskar da ke bugowa daga gefe ke kwasar babur.

A wannan zamanin ne sababbin robobi ke fitowa kasuwa. An fara sayar da wata roba mai tauri da ake kira ABS da yawa a Amurka wajajen 1954. A shekarar ce kuma masanin kimiyya Giulio Natta ya haɗa nau'in robar folifurofilin mai amfani a Italiya, kamfanin Montecatini ya fara sarrafa shi a 1957. Babur ɗin da ya kai roba hannun talaka shi ne Honda Super Cub, wanda ya fito a Japan a 1958 da madigadin gaba da makarin ƙafa na robar folietilin. Wannan zaɓi ya rage nauyi da farashi, ya kuma kawar da tsatsa daga wuraren da laka ta fi duka. Zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 na wannan babur. Ƙirarsa ce ƙananan baburan da ke shigowa daga Sin suka gada, waɗanda a arewacin Nijeriya ake kira roba-roba, sunan da shi kansa yake nuna abin da ido ya fara gani.

A Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1960 ko farkon 1970, ɗan tsere Preston Petty ya fara sayar da madigadin roba mai lanƙwasuwa ga masu tseren daji, waɗanda suka gaji da na ƙarfe da ke karyewa. A 1976 BMW ta fitar da R100RS, wanda ake yawan ambata a matsayin babur na farko da aka ƙera da yawa yana da cikakken murfi tun daga masana'anta. Daga shekarun 1980 manyan baburan gudu na Japan suka rufe kusan dukkan jikinsu da ABS mai fenti, ƙorafin tsagewa ma ya yawaita tare da su.

Ire-iren robar

ABS tana da tauri, tana karɓar fenti da kyau, ita ce aka fi yin murfin waje da ita. Folifurofilin da folietilin sun fi laushi, suna jure fetur da mai, amma fenti da gam ba sa kama su da kyau. Gilashin tare iska galibi na folikabonet ne ko akirilik. A bayan yawancin murafe akwai tambarin da aka zuba tare da robar, kamar >ABS< ko >PP< (wato folifurofilin), kuma duba shi ne farkon aikin duk mai son sanin abin da yake hannunsa.

Dalilai

Dalilin da ya fi ɓoyuwa shi ne haɗuwar matsi da wani ruwan sinadari a wuri ɗaya. Injiniyoyi sun fara lura da shi sosai a shekarun 1940 da 1950, lokacin da rigar folietilin ta wayoyin tarho ke darewa ba tare da an ja ta da ƙarfi ba, kuma ɗakunan bincike na kamfanin tarho na Bell a Amurka sun yi aiki mai yawa a kai. Ruwan ba ya narkar da robar. Yana kutsawa ne tsakanin zarurrukan da suka saƙa ta, ya sassauta riƙon da suke wa juna, sai matsin da a da robar ke ɗauka ba wahala ya fara raba su. Da farko wasu fararen layuka ne masu kama da gashi, daga baya su haɗe su zama tsaga. Matsin kaɗai ba zai yi haka ba, ruwan kaɗai ma haka. ABS da folikabonet da akirilik suna cikin robobin da suka fi rauni ta wannan fuska.

Ruwan da ya fi yin wannan ɓarna a babur shi ne man birki, nau'in DOT 3 da DOT 4. Ɗigo kaɗan da ya zuba daga kofin birki da ke hannun babur ya gangara bayan murfi ya isa, ko da an goge na waje. Sai fetur da ya malala lokacin cika tanki, da ruwan sirka fenti, da wasu magungunan wanke inji. Akwai kuma gam ɗin da ake ɗiga wa noti don kada ya kwance: masu yin sa da kansu suna gargaɗi a takardunsu cewa yana iya tsaga roba. Abin takaici ne, domin bakaniken da ya sa shi kulawa ce ta sa ya sa.

Shi kuwa matsin, wani tun daga masana'anta yake. Ana zuba narkakkiyar roba ne a cikin mazubi, idan ta huce da sauri ko ba daidai ba sai ta daskare da ɗauri a cikinta, musamman a kusurwoyi da gefen ramuka inda kwararar robar ta rabu ta sake haɗuwa. Wani matsin kuma a gareji ake ƙara shi. An tsara yawancin murafe su zauna a kan 'yan robobi masu laushi, da ɗan zoben ƙarfe a cikin rami wanda ke hana noti danne murfin. Idan waɗannan suka ɓace, aka ɗaure noti kai tsaye har ya ƙi motsi, to murfin ya rasa wurin numfashi. ABS tana buɗewa da zafi ninki shida ko fiye na yadda ƙarfe ke yi, don haka babur ɗin da ya wuni a rana ya kwana a sanyi yana jan ramin notinsa kullum. Ƙarfen da ke riƙe murfi ma idan ya ɗan lanƙwashe a wata tsohuwar faɗuwa, aka tilasta murfin ya hau, tsagewar na iya jira har shekara.

Rana tana nata aikin a hankali. Haskenta yana lalata sinadarin butadayin, wanda shi ne ke ba ABS juriyar duka, sai fuskar robar ta koɗe ta zama mai saurin karyewa. Fenti yana kare ta, shi ya sa ɓangaren da ba fenti ke fara mutuwa. Jijjigar inji mai silinda ɗaya da hanya mai gargada su ke tura tsagar gaba da zarar ta buɗe.

Gane dalili

Tsagar duka tana da tabo a inda abin ya sauka. Wadda sinadari ya jawo kan fito da rassa da yawa, bakinta sumul yana ƙyalli, sau da yawa a ƙarƙashin kofin birki ko bakin tanki. Wadda ta taso daga rami ɗaya ta miƙe, a duba ɗaurin notin.

Gyara

Ana huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya. ABS tana gyaruwa da waldar roba, ko da guntayenta da aka narkar a ruwan sinadarin asiton aka shafa ta baya. Folifurofilin sai walda da irinsa. Masu gyara a kasuwannin babura kan ɗinke da siririyar waya su bi da zazzafan ƙarfe, kuma yana riƙewa. Idan ba a mayar da robobin ƙarƙashi ba, ba a kuma wanke man birkin da ruwa da sabulu ba, sabon murfi ma zai tsage a wurin da tsohon ya tsage.

Saɓani

Masu babura kan ɗora laifin a kan ingancin roba, dillalai kuma a kan yadda aka ɗaure ko abin da ya zuba. Ba a cika rabe gaskiya ba sai an duba bakin tsagar a ɗakin gwaji.