Waiwaye: madatsun wuta da kifin Kogin Kaduna

Mai sayen kifi a Kaduna yau, in ya tsaya gaban teburin mai kifi, abin da zai fi gani tarwaɗar kiwo ce a cikin baho, sai kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga teku. Yauni da giwan ruwa da ragon ruwa, waɗanda dattawa suka tashi suna ci daga wannan kogin da ya ratsa tsakiyar gari, sun zama kifin da sai an sa cigiya, kuma kuɗinsu ba na kowa ba ne. Dalilan suna da yawa. Akwai dattin masana'antu, akwai yawan masunta, akwai raga mai ƙananan idanu. Amma wanda ya fi sauya halin kogin gaba ɗaya shi ne datse shi da aka yi domin wutar lantarki, kuma shi ne aka fi ƙarancin magana a kai.

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kilomita kusan 550, ya bi ta Kaduna da Zungeru da Wuya, sannan ya faɗa Kwara daura da Pategi. Kafin a datse shi, rayuwar kifinsa ta rataya ne kan abu guda, wato cikar damina. Da ruwa ya fara hawa a watan Yuni zuwa Yuli, ya yi ja, ya malala cikin ciyawar fadama, kifi ya san lokacin ƙwai ya yi. Tarwaɗa takan fita da dare bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ta shiga ciyawar da ruwa ya rufe, ta zuba ƙwai masu danƙo da ke manne wa ganye, cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi su ƙyanƙyashe. Bargi kuwa sheƙa yake yi: yakan tumɓuke ciyawa ya share fili mai faɗin kusan mita ɗaya a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ya kewaye shi da tsiron da ya tumɓuke, iyaye su tsaya gadi. Yauni na haɗa tasa sheƙar da ke yawo a saman ruwa. Falia da kawara da tsage su kuma matafiya ne, sukan hau kogi da rassansa kafin su yi ƙwai. 'Ya'yan duk waɗannan a fadama suke girma wata uku zuwa huɗu, inda abinci ya yi yawa kuma manyan kifaye ba sa iya bin su, sai ruwa ya fara janyewa su biyo shi zuwa uwar kogi. Masana kifin kogunan Afirka sun daɗe da ƙiyasta cewa kowace hekta ɗaya ta fadama da ruwa ke rufewa tana ba da kilo 40 zuwa 60 na kifi a shekara. Ma'ana, faɗin ambaliyar bana shi ne kamun baɗi.

Darasin farko a Kainji aka koye shi. An rufe Kwara a 1968, tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270 ya kwanta, tsohon garin Bussa ya nutse, aka tashi mutane fiye da dubu 40. Shekarun farko kifi ya yi ambaliya, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama taki. Kamun shekarar 1970 ya kai kusan tan dubu 28. Masunta suka yi ta kwarara daga Sakkwato da Yawuri da ƙasar Nupe, har daga Mali. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya faɗo ƙasa da tan dubu 5. Irin kifin ma ya sauya: dangin miligi, masu son gindin kogi mai gudu, suka ragu, karfasa da ƙananan kifayen tsakiyar ruwa suka mamaye. A ƙasan madatsar kuma, farin ruwan damina da baƙin ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini cikin hunturu duk sun koma hannun masu buɗe ƙofa. Cibiyar binciken da aka kafa domin nazarin tafkin ita ce ta zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa, kuma mafi yawan abin da aka sani kan wannan batu a Nijeriya daga can ya fito.

Madatsar Jebba, ita ma a kan Kwara, ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. Sai Shiroro a kan Kogin Kaduna kansa, mai megawat 600, wadda aka ƙaddamar a 1990, da katanga mai tsayin mita 115. Yanzu ga Zungeru mai megawat 700 a ƙasanta. Kogin ya rabu gida uku. Kifin da ke tasowa daga Kwara ba ya wuce Zungeru, wanda ke tsakanin madatsun biyu ya zama ɗan kurkuku, na sama da Shiroro, wato wanda ke iso mana nan Kaduna, an yanke shi daga danginsa na ƙasa fiye da shekara talatin.

Tare hanya ita ce ɓarnar da ido ke gani, amma ba ita ce mafi girma ba. Madatsar wuta tana tara ruwan farkon damina domin cika tafki, wato daidai ruwan da kifin ƙasa ke jira. Yuni da Yuli su wuce kogi bai tashi ba, ƙwai ya lalace a cikin uwa. Sai a Satumba, tafki ya cika maƙil, a buɗe ƙofofi gaba ɗaya, ruwa ya zo a guje ya share gonakin shinkafa da ƙauyuka, ya janye cikin 'yan kwanaki. Irin wannan ambaliya ba ta haifar da kifi, domin ta zo a makare kuma ba ta zauna ba. Sannan akwai hawa da saukar yau da kullum: a kunna injina lokacin da ake buƙatar wuta, a kashe in buƙata ta ragu ko layin wuta na ƙasa ya faɗi. Ruwa ya sauka cikin sa'a guda, 'ya'yan kifi su maƙale a kududdufai a kan yashi, rana da tsuntsaye su gama da su. A cikin tafkin ma haka abin yake. Karfasa tana haƙa gurbinta a gefen da ruwa bai da zurfi, in aka zuƙe ruwa da sauri gurbin ya koma kan tudu.

Akwai kuma matsalar ingancin ruwan da ke fitowa. A lokacin zafi ruwan tafki mai zurfi yakan kasu biyu, na sama mai ɗumi da iska, na ƙasa mai sanyi wanda ruɓaɓɓen ganye ya cinye iskarsa. In bakin injin yana jan na ƙasa, abin da ke fita kogi ruwa ne marar iskar oksijin, wani lokaci har da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yawancin kifi na son miligiram 5 ko fiye a kowace lita, in ya sauka ƙasa da 2 sai a ga giwan ruwa da tsage sun taso ciki sama, masu shaƙar iska irin su tarwaɗa da gaiwa su kaɗai ke tsira. Laka mai taki da kogi ke kai wa fadama ita ma tana kwantawa a gindin tafki, ruwan da ya fita fes sai ya riƙa cin gaɓa yana zurfafa gadon kogi, har bakin rafukan da ke shiga fadama su koma sama da ruwa.

A 1992 gwamnatin soja ta fitar da dokoki biyu da suka shafi wannan. Doka mai lamba 86 ta wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Mai lamba 108, ta kamun kifin cikin ƙasa, ta hana kama kifi da guba da nakiya da lantarki, ta sa mafi ƙarancin idon raga milimita 76, wato inci uku, ta kuma ce wanda aka ba izinin datse ruwa ya gina wa kifi tsanin wucewa. Kainji da Jebba da Shiroro duk sun riga dokar.

Maganar tsanin kifi ita ce ta fi saurin zuwa bakin mutane, kuma a nan ake yawan ɓata kuɗi. An ƙirƙiro tsanin ne domin kifin salmon na Turai da Amurka, mai ƙarfin tsalle. Namu ba sa tsalle haka. Ƙurungu da ragon ruwa a ƙasa suke tafiya, falia mai faɗi ce ba ta jure ruwa mai ƙarfi. Tsanin da zai yi musu aiki sai ya kwanta sosai, hawan mita ɗaya a cikin tafiyar mita 20 ko fiye, bambancin tudu tsakanin kwarmi da kwarmi kada ya wuce santimita 10 zuwa 15, a bar tsaga daga sama har ƙasa maimakon a sa ruwa ya zubo ta kan bango, a shimfiɗa duwatsu a gindi. Bakinsa kuma dole ya kasance dab da inda ruwan injin ke fita, domin kifi ruwa mai gudu yake bi, in aka ajiye bakin a lungu ba zai taɓa ganinsa ba. A lissafa wannan da katangar mita 115, za a ga hanya ce ta fiye da kilomita biyu. Ko kifin ya hau, ƙwai da 'ya'yansa da ke biyo ruwa za su tarar da tafki marar gudu su nutse, waɗanda suka kai bakin injin kuma farfela ta ji musu rauni. Inda tsani ke da amfani na gaske shi ne ƙananan madatsu masu tsayin mita biyu zuwa biyar, irin na ban ruwa da na ruwan sha da ke kan rassan kogi. A Amurka an kai ga rushe madatsu huɗu a kan Kogin Klamath, aka gama a 2024, kifi ya koma sama cikin makonni. Ƙasar da ke fama da duhu kamar tamu ba za ta rushe Shiroro ba, kuma babu mai hankalin da zai nemi haka.

Abin da ya fi kusa da mu a Kamaru ya faru. Madatsar Maga da ganuwar da aka yi a gefen Kogin Logone a 1979 sun busar da fadamar Waza, kifi da makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa ganuwar a bakin wani rafi guda da aka toshe, ruwa ya sake rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 200, ciyawa mai daɗewa ta dawo, masunta suka dawo. Ba a zuba kifi ko ɗaya ba. A Zambiya kuwa, tun gina madatsar Itezhi-Tezhi a kan Kogin Kafue aka rubuta cikin ƙa'idarta cewa a watan Maris za a saki ruwa mita kubik 300 a daƙiƙa domin fadamar da ke ƙasa. A gida ma an gwada sakin ruwa daga Tiga da Challawa domin fadamar Hadeja da Nguru.

Ga Kogin Kaduna, wannan na nufin a rubuta wa Shiroro da Zungeru jadawali guda, tunda abin da ta sama ta saka shi ta ƙasa ke karɓa. A ƙarshen Yuni ko farkon Yuli a ɗaga ruwa a hankali cikin mako guda ko biyu, a riƙe shi sama da bakin fadama aƙalla mako shida, sannan a sauke shi a hankali fiye da yadda aka ɗaga. Saukar ce ta fi muhimmanci, santimita kaɗan a sa'a, domin 'ya'yan kifi su samu biyo ruwa. Kada a taɓa rufe kogi ƙurmus ko da an kashe injina. Galibin wannan ruwa ta cikin injin zai bi, wutar ba asara take ba, lokacinta kawai aka matsar. Kuma tafkin da aka rage a Yuli yana da wurin karɓar ruwan Satumba, abin da zai sassauta wa manoman ƙasar Nupe. Tun 2013 kamfanoni masu zaman kansu ke gudanar da manyan madatsun, don haka sai an sa sharaɗin a cikin yarjejeniya da lasisi, in ba haka ba mai sayar da wuta ba shi da dalilin tuna bargi.

Sakin ruwa ba zai yi amfani ba in ƙofar fadama a toshe take. Sau da yawa abin da ya raba tabki da kogi hanyar mota ce da aka yi wa kwalbati ƙarami ko aka ɗora shi sama da gindin rafi, ko yashi da kachala da suka cike baki. Gyaransa aikin rani ne: a yashe bakin, a sauke gindin kwalbatin ya nutse ƙasa da gadon rafi, a faɗaɗa shi daidai faɗin rafin, a bar ciyawar burgu da itatuwan gaɓa aƙalla taku ashirin zuwa talatin ba a nome ba.

Zuba 'ya'yan kifi shi ne abin da hukumomi suka fi so, domin ana iya ɗaukar hotonsa. Yana taimakawa a ƙananan tafkuna irin na Kangimi, amma da sharuɗɗa. Iyayen su fito daga wannan kogin, kuma da yawa, hamsin zuwa ɗari na kowane jinsi, ba uwa biyu da uba ɗaya ba. Tarwaɗar gidan gona da haɗin tarwaɗa da ramboshi ba su da wuri a kogi, suna gurɓata iri kuma suna cin 'ya'yan wasu. Kada a saki ɗan da bai kai santimita 8 zuwa 10 ba. A kai su da sassafe, a ajiye ledar a kan ruwa minti 20 zuwa 30 zafinsu ya daidaita, a riƙa ɗiban ruwan tafkin ana ƙarawa kafin a buɗe, a rarraba su wurare masu ciyawa. A yanke wa wasu gefen fiffike a matsayin alama, domin in ba a ga masu alama a ragar masunta bayan shekara ba, an san tsage aka ciyar.

Sai dokar kamun kifi. A Kainji, wani aikin haɗin gwiwa da Jamus a shekarun 1990 ya kai ga hana dala, babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa tana kwashe ƙanana da manya. Hanin ya yi tasiri ne lokacin da sarakuna da sarakunan ruwa suka karɓe shi, da aikin ya ƙare sa ido ya ragu sai dala ta riƙa dawowa. Masunci ya san idon raga da yatsa, ya san dumba da ake gitta wa bakin rafi lokacin da kifi ke komawa ita ce ke kashe baɗi. Ba zai ajiye ragarsa ta kalli wata biyu na damina ba sai ya tabbata maƙwabcinsa ma ya ajiye, kuma akwai abin da iyali za su ci.

Mu da ke sama da Shiroro, cikar damina ba ta ɓace mana ba, kuma wannan babbar dama ce. Kogin daga nan zuwa bakin tafkin, da Galma da sauran rassan, su ne wurin ƙwan kifin Shiroro. Abin da ke cutar da su magudanan Kakuri da Makera ne da ke zuba ƙazanta, da masu haƙar yashi da ke kwashe gindin kogi, da gine-ginen da suka cinye fadama, da maganin ƙwari da ake zubawa a kududdufi da rani. Aikin farko mai araha shi ne a sa mutum ɗaya da sikeli da littafi a kowace babbar mashaya da ake sauke kifi, sau biyu a mako, ya rubuta iri da nauyi da tsawo da kayan da aka kama da shi, a kuma kafa sandar awon ruwa a gefe a riƙa karanta ta kowace safiya. Bayan damina uku za a iya ɗora littafin kusa da jadawalin buɗe ƙofofin madatsa a ga wane mako ne ya yi ɓarna.