Na'urar Karatu ko Littafin Takarda? Tambayoyi da Amsoshi

Tun da kamfanin Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle a watan Nuwamban 2007 ake ta hasashen cewa kwanan littafin takarda ya ƙare. Har yau takarda na nan daram, na'urar ma ta samu nata mutanen. Ga tambayoyin da mai tunanin sayen na'urar karatu ya kamata ya yi kafin ya fitar da kuɗinsa.

Me ya raba na'urar karatu da waya? Ai duka fuska ce ake kallo.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Fuskar waya da ta kwamfuta haske suke harbowa cikin idonka daga baya. Na'urar karatu irin su Kindle da Kobo da Nook kuwa da wata fasaha take aiki mai suna E Ink, wato tawadar lantarki, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka, aka kafa mata kamfani a 1997. A ƙarƙashin fuskar akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace faɗinta bai wuce kaurin gashin kai ba, a cikinta kuma akwai ɓurɓushin fari da na baƙi. Idan ka juya shafi, lantarki ya tura baƙin sama a inda harafi zai fito, farin kuma ya tsaya a sauran wurin. Da rubutun ya zauna shi ke nan, ba ya ƙara cin wuta sai ka sake juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni, shi ya sa kuma kana iya karatu a tsakiyar rana ba tare da fuskar ta dusashe ba. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da irin wannan na'ura a Japan a 2004.

Akwai wani bambancin da ni na fi ba muhimmanci: na'urar karatu ba ta iya komai sosai sai nuna rubutu. Babu saƙon da zai faɗo maka a tsakiyar sakin layi, babu bidiyon da zai ja ka.

Tana gajiyar da ido ko hana barci?

Binciken da aka fi ambato kan barci an yi shi ne a wani asibitin koyarwa na Boston, aka wallafa a ƙarshen 2014. Mutum 12 suka yi karatun awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a na'ura, dare biyar a takarda. A dararen na'ura barci ya jinkirta musu da kusan minti 10, sinadarin melatonin da ke shirya jiki don barci shi ma ya ragu. Sai dai na'urar da aka ba su iPad ce, an kuma ƙure haskenta. Ba mai tawadar lantarki ba ce. Na'urorin karatu na yanzu suna da 'yar fitila a gefen fuska da ke haska saman rubutun, ana iya rage ta, a wasu a mayar da ita ruwan ɗorawa, ko a kashe ta gaba ɗaya a yi karatu da fitilar ɗaki kamar takarda.

A wanne karatu ya fi zama a kai?

Idan karatun neman ilimi ne, takarda tana gaba, amma ba da tazara mai yawa ba. A 2018 wasu masu bincike, yawancinsu daga Jami'ar Balensiya ta Sifaniya, sun tattara nazarce-nazarce 54 da suka shafi mutane fiye da 170,000. Sun ga cewa wanda ya karanta rubutun bayani a takarda ya fi gane shi, musamman idan an ƙayyade masa lokaci. Ga ƙagaggen labari kuwa ba su ga bambanci ba. A lura cewa yawancin nazarce-nazarcen a fuskar kwamfuta aka yi su.

Wanda ya shafi na'urar karatu kai tsaye shi ne na Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger a ƙasar Norway. Ta ba mutum 50 gajeren labari mai shafi 28, rabi a Kindle, rabi a takarda. Kusan a duk tambayoyin da aka yi musu sun zo daidai, sai a abu ɗaya: da aka ce su jera abubuwa 14 da suka faru a labarin bi da bi, masu Kindle sun fi rikicewa.

Dalilin da ake bayarwa ya kwanta mini a rai. Mai riƙe da littafi hannunsa ma yana karatu. Yana jin ɓangaren hagu na ƙara kauri, na dama na raguwa. Yakan tuna cewa maganar nan tana can wajen farko, a shafin dama, daga ƙasa. Na'ura kuwa shafi ɗaya gare ta da ke canza rubutu, sai wata 'yar lamba a ƙasa da ke cewa ka kai kashi 43 cikin ɗari. Ga ɗalibin da zai sa yatsa a shafi na 80 ya leƙa jadawalin da ke shafi na 212 ya dawo, takarda ta fi sauri nesa ba kusa ba.

To a ina na'urar ta fi?

A wurare da dama, kuma ba ƙanana ba. Abu mara nauyi da ke shiga aljihun jaka yana ɗaukar littattafai dubbai. Ka taɓa kalma, ƙamus ya buɗe maka ma'anarta nan take, wanda babban taimako ne ga mai karatu da harshen da ba nasa ba. Kana iya neman kalma ɗaya a cikin littafi mai shafi 900 cikin daƙiƙa. Sannan ga tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare: shirin Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da fiye da 70,000 kyauta.

Amma babbar falalarta ita ce girman harafi. Mutumin da idonsa ya yi rauni, wanda ya haƙura da karatu saboda rubutun littattafai ya yi masa ƙanana, zai iya ƙara girman haruffa yadda yake so, ya buɗa tsakanin layuka, ya ci gaba da karatunsa. Haka mai ciwon gaɓɓai da ba ya iya riƙe ƙaton littafi. Duk mai zagin na'urar karatu ya tuna da waɗannan mutane, domin a wurinsu ita ce ta dawo da karatun da ya kuɓuce.

Littafin da na biya kuɗi na sauke a na'ura, nawa ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, ita ce kuma ba a cika yi ba. A mafi yawan manyan shagunan intanet, abin da ka biya wa kuɗi izinin karantawa ne, ba littafin ba. Yana rubuce a cikin sharuɗɗan da kowa ke danna amincewa bai karanta ba. Fayil ɗin na zuwa da wani kulle da ake kira DRM, wanda ke ɗaure shi da asusunka da kuma manhajar kamfanin. Littafin da ka saya a shagon Kindle mai wannan kulle ba zai buɗe a Kobo ba. Kamar ɗan haya kake: kana zaune a gidan, amma mai gida na da nasa makullin.

An kuma ga hakan a zahiri. A watan Yulin 2009 Amazon ta goge littattafan George Orwell biyu, 1984 da Animal Farm, daga na'urorin mutanen da suka saya, bayan ta gano cewa wanda ya ɗora su a shagon ba shi da haƙƙin sayar da su. Ta mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin Jeff Bezos ya fito ya ba da haƙuri, amma kowa ya gane cewa hannun kamfani na iya kaiwa cikin na'urarsa. A 2019 Microsoft ta rufe shagon littattafanta, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, aka biya su kuɗinsu. A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ta cire damar sauke littattafan Kindle a kwamfuta don turawa na'ura ta wayar USB, hanyar da mutane da yawa ke bi su ajiye nasu kwafi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2025, da ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake karɓa.

Ni a ganina wannan ba daidai ba ne. Wanda ya biya kuɗin littafi ya cancanci ya riƙe shi ko da shagon ya rushe. Akwai mawallafa da shagunan da ke sayar da littattafai a tsarin fayil ɗin littafin lantarki da ake kira EPUB ba tare da kulle ba, waɗanda za ka iya kwafa ka adana inda kake so. Idan kana da zaɓi, su ya kamata ka nema.

Zan iya ba da aronsa, ko in sayar, ko in bar wa 'ya'yana?

Na takarda, duka ukun. Na na'ura mai kulle, sayarwa babu, aro sai ɗan abin da kamfani ya yarda da shi, gado kuwa sharuɗɗan yawancin shaguna ba su ba da damar mayar da asusu ga wani ba. Ɗakunan karatu ma suna fama da wannan. A 2011 kamfanin HarperCollins ya sa ƙa'idar cewa littafin lantarki da ɗakin karatu ya saya zai ƙare bayan aro 26, sai a sake biya. Littafin takarda kuwa sai ya yage ake canza shi.

Wanne ya fi daɗewa?

Takarda, idan ta tsira daga ruwa da wuta da gara. Fiye da kwafi 40 na Baibul ɗin da Johannes Gutenberg, mai injin buga littattafai, ya buga a Jamus wajen 1455 suna nan har yau, ana karanta su ba tare da caji ba. Ba kowace takarda ce haka ba: wadda aka riƙa yi da niƙaƙƙen itace mai sinadarin asid tun tsakiyar ƙarni na 19 takan yi ja ta dinga karyewa. Na'ura kuwa batirinta na tsufa, fuskarta na fashewa, kamfani na iya daina kula da tsohon samfuri. Fa'idarta ita ce idan ta ɓace ko ta lalace, littattafan na nan a asusunka, muddin kamfanin na nan.

Shin littafin takarda na mutuwa?

A'a. Ko a Amurka, inda Kindle ta fito, binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 65 cikin ɗari na manya sun karanta littafin takarda a shekarar da ta gabaci binciken, kashi 30 kuma na lantarki. Da yawa daga masu karanta na lantarkin suna haɗawa da takarda.

Wane irin littafi ne bai kamata in saya a na'ura ba?

Duk wanda tsarin shafinsa ke da muhimmanci: littafin makaranta mai jadawali da zane, taswira, littafin hotuna, da na ƙananan yara da ake karantawa tare ana nuna hoto da yatsa. Fuskar yawancin na'urorin inci shida ko bakwai ce, fayil ɗin PDF da aka tsara don babban shafi yakan fito da ƙananan haruffa, sai ka yi ta ja da matsawa. Masu launi sun fito, Kobo da Kindle duk sun saki nasu a 2024, amma launin bai kai na bugu a takarda kaifi ba. Waƙoƙi ma kan wahala, domin idan ka ƙara girman harafi baitoci na karyewa a inda mawaƙin bai karya ba.

Sai kuma littafin da ka san za ka koma masa shekara da shekaru, ka ja layi, ka yi rubutu a gefe, wata rana ka miƙa wa wani. Wannan ka saye shi a takarda. Labarin da za ka karanta sau ɗaya a hanya ko kafin barci kuwa, na'ura ta wadatar.