Ina ake ajiye bayanau a Turancin takardun aiki?

Shekaru ina gyara littattafan umarni da injiniyoyi ke rubutawa da Turanci. Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya yi tsami.

Mene ne bayanau?
Kalmar da ke faɗin yadda aka yi abu ko sau nawa: "slowly", "often", "only". Karatun sakandare ne wannan.

Zan iya rubuta "close slowly the valve"?
A'a. Ba a shiga tsakanin aikatau da karɓau. Ka ce "close the valve slowly" ko "slowly close the valve". In da haɗari a aikin, na biyun na fi so, ma'aikaci ya ga gargaɗin kafin ya kai hannu.

To "only" fa?
Nan ne gizo ke saƙa. "Only the technician resets the alarm" na nufin shi kaɗai ke da izini. "Resets only the alarm" kuwa, ƙararrawar kawai zai taɓa. Amma "only resets the alarm" tana iya ɗaukar ma'ana biyu. A baki, Bature kan ɗaga murya kan kalmar da yake nufi. Takarda ba ta da murya. Mu kuma mun saba "kawai" da "kaɗai" su biyo bayan abin da suka taƙaita, shi ya sa ɗalibaina ke jefa "only" can ƙarshen jimla. Ka manna ta gaban kalmar da take taƙaitawa. Sai dai ba kullum ba: "you only need one cable" ba wanda zai ruɗe, in ka matsar da ita sai jimlar ta yi tauri. Ni dai ina tsananta ne a ƙa'idar shan magani, kwangila da aikin lantarki. In har yanzu kana shakka, raba jimlar gida biyu.

An ce "to safely remove" kuskure ne.
Kwantar da hankalinka. Tun 1864 Henry Alford, wani marubuci ɗan Ingila, ya ƙyamaci irin wannan, wato sa bayanau tsakanin "to" da aikatau, amma editoci da yawa sun daina kula shi.

"Restarting the server frequently causes errors" ai daidai ne ko?
Haba malam! Yawan sake kunnawa ne ke jawo matsala, ko matsalar ce ke yawan zuwa? Kai ka san abin da kake nufi, mai karatu bai sani ba. In na farko ne, rubuta "frequent restarts cause errors".