Me ya sa harshen kyandir yake tsayawa cak?

Wane irin harshen wuta ake cewa natsattse?

Shi ne wanda iskar da ke ciyar da shi take tafiya sumul, kamar na kyandir a ɗaki mai rufaffiyar taga, ko shuɗin harshen murhun gas. Na gobarar daji kuwa hargitsattse ne.

Ina ruwansa da bazuwar zafi da ta gas?

A kansu yake rayuwa. Zafi yana ratsawa daga inda wuta ke ci zuwa gas mai sanyi da ke gaba har ya kama, yayin da ƙwayoyin makamashi da na oksijin suke kutsowa wajen wutar. Saurin wannan musaya shi ke ƙayyade saurin da harshen ke cin gas ɗin da ke gabansa. A cakuɗen iska da gas ɗin mitan (methane, babban sinadarin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa), yana cin kimanin santimita 40 a daƙiƙa, amma na haidurojin yana iya wuce mita 2.

Don me kyandir ke ba da rawaya, murhun gas kuma shuɗi?

A kyandir, tururin kakin ba ya haɗuwa da oksijin sai a bakin harshen. Ciki babu isasshen oksijin, sai ƙwayoyin kunkunniya su taru su yi zafi, su haskaka rawaya. Murhun gas yana gauraya gas da iska tun kafin a kunna, dabarar kaskon Bunsen na 1855, wato ƙaramin murhun ɗakin gwajin kimiyya. A tashar sararin samaniya ma, inda iska mai zafi ba ta tashi sama, harshen kyandir dunƙulewa yake kamar ƙwallo, shuɗi mai dishi-dishi.

Tsakanin zafi da gas, in ɗaya ya riga ɗaya bazuwa fa?

Nan ne abin ya fi daɗi. Masana suna kwatanta saurin bazuwar zafi da na gas, suna kiran wannan lissafi lambar Lewis. Haidurojin ba shi da nauyi, don haka in ya yi ƙaranci a cikin iska yakan riga zafi gudu. Duk inda harshen ya ɗan kumbura, makamashin da ke shigowa ya fi zafin da ke fita, kumburin ya ƙara zafi ya girma, har fuskar harshen ta yamutse ta kasu gida-gida. Furofen, wanda ke cikin tukunyar gas ta girki, ya fi nauyi. In shi ne ya yi ƙaranci, zafi ke fin gudu, kumburin ya huce ya baje.

Za a iya kashe wuta ta hanyar kwashe zafinta kawai?

Ƙwarai. A 1815 masanin kimiyya Humphry Davy ya ƙera wa mahaƙan kwal na Ingila fitila da ya kewaye da ragar waya. Gas yana shiga ta ƙananan ramukan, amma wayar tana zuƙe zafin harshen, ya kasa fitowa ya kunna gas ɗin da ke cikin ramin haƙar kwal ɗin.