Alkama, Hanta da Mai Juna Biyu

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi ya tashi. Yawancinmu muna cinsa lafiya lau. Amma kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, da zarar gulutin ya shiga cikinsa sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jini yadda ya kamata. Cutar siliyak ke nan. Kada a ce ta Turawa ce kawai: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, a sansanonin gudun hijira na Aljeriya ya same ta a jikin sama da kashi 5 cikin 100.

Cutar ba a hanji take tsayawa ba. Da yawa daga masu ita, idan aka auna jininsu sai a ga sinadaran hanta, ALT da AST, sun haura, kuma galibi suna sauka cikin wata 6 zuwa shekara guda bayan barin alkama. Ga mai juna biyu da ba a gano tata ba, abin kan fito ta ƙarancin jinin da ƙwayoyin ƙarin jini suka kasa gyarawa, ko yawan ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri maras nauyi. Wata ma ba ta gudawa ko kumburin ciki, sai dai kasala da rama.

Akwai kuma wata matsalar hanta ta daban da ciki kansa ke kawowa, kuma ita ta fi damuna. A watannin ƙarshe ruwan matsarmama kan kasa fita daga hanta, ya taru a jini. Alamarsa ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafa, ba ƙurji ko ɗaya, ya fi tsanani da dare. Sai ki ga mace tana goga ƙafarta a siminti har asuba, iyaye suna cewa zafi ne, ko wai gashin jariri ne. Idan wannan ruwa ya yi yawa sosai, jariri na iya mutuwa a ciki, shi ya sa likita kan ba da maganin rage ƙaiƙayin, ya riƙa auna jini, wani lokaci ya sa a haihu kafin wata 9 ya cika. An fi ganinta ga mai tagwaye da wadda mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta taɓa yi. Barin biredi ba ya maganinta. Wannan ƙaiƙayi na asibiti ne, a ranar, ba sai ranar awo ba.

Idan sakamakon hanta ya fito ba daidai ba, a wajenmu ciwon hanta nau'in B ake fara nema, da hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga. In waɗannan babu, ga ƙarancin jini ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki tambayi likita gwajin siliyak. Kada ki bar alkama kafin a ɗebi jinin, don barinta na ɓoye cutar a gwaji.

Wadda aka tabbatar tana da siliyak, barin alkama ne na har abada: biredi, taliya, gurasa, alkaki, funkaso, cincin. Gero, dawa, masara, shinkafa, acha, rogo da wake duk babu gulutin. Sai dai ki lura da ɗanwake da waina na saye, wasu suna zuba musu fulawa, haka injin niƙan da aka gama niƙa alkama a cikinsa.